Verlie Gosnell da Tudun Kaburburan Cutshaw

Duk wanda ya tashi a kwarin Cutshaw, can cikin duwatsun North Carolina, ya san abu biyu ba a wasa da su: macijin da ke kwance cikin tarin itace, da bakin Verlie Gosnell. Macijin ma da sauƙi, don shi yakan kaɗa wutsiya kafin ya sara. Verlie gajera ce, busasshiya, hannunta kamar na maƙeri, shekararta saba'in da huɗu, kuma tun tana 'yar shekara tara take gyaran maƙabartar da ke bayan tsohuwar majami'ar katako. Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya taɓa ba ta ko sisi. Kakarta ce ta miƙa mata fartanya wata rana ta ce ta kankare ciyawar da ta fito a kan kabarin wani kakansu, shi ke nan aiki ya bi ta har tsufa.

Aikin kuwa ba na rago ba ne. A wajenmu ciyawa a kan kabari abin kunya ne, alama ce ta mamaci ba shi da kowa. Mako guda kafin Lahadi ta biyu a watan Yuni, ranar ƙawata kaburbura, sai a kankare filin tas, a jawo jar ƙasa da manjagara, a tayar da tudu a kan kowane kabari kamar kunyar dankali, a daddaɓe shi da bayan shebur. Kaburbura ɗari biyu da sha ɗaya ne a wurin, kusan rabinsu ba rubutu, dutse kawai aka ɗauko daga rafi aka kafa wajen kai. Verlie ta san su duka. Ka nuna mata kowane dutse, za ta gaya maka wanda ke ƙarƙashinsa, da abin da ya kashe shi, da wanda ya ƙi zuwa jana'izarsa. Wannan na ƙarshen ne ya sa mutane ba su cika tambayarta ba.

Tana da shekara sha tara ta auri Arvil Gosnell, mutum mai shiru-shiru wanda yake noman taba a gangaren da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Ita kuma ta yi shekara talatin da ɗaya a masana'antar safa, tana tsaye gaban inji har jijiyoyin ƙafarta suka fito ruɗu-ruɗu. Haihuwa ɗaya Allah ya ba ta. Namiji ne, a tsakiyar sanyin Janairu, suka sa masa suna Harlan, ya kwana biyu a duniya ya koma. Verlie tana kwance da zazzaɓi ba ta san inda kanta yake ba, Arvil ya haɗa ɗan akwati da katakon da ya tanada don gadon yaron, ya hau tudu shi kaɗai ya haƙa ƙasar da ta daskare kamar ƙarfe. A gangaren kudu ya sa shi, inda ake binne jarirai. Sai da ƙanƙara ta narke ya kai ta ya nuna mata wani farin dutse, ya ce, "Ga shi nan." Daga ranar Arvil bai sake taka wannan kusurwa ba har ya mutu.

Ita kuwa kullum da nan take ƙare aikinta na shekara. Sai ta gama da na kowa, sannan ta sauko gangaren, ta tsaya daga ƙasa, ta jawo ƙasar da ruwan sama ya wanke, ta tayar da ɗan tudun. Ta ɗaga farin dutsen ta wanke shi da sabulu, ta kankare ƙarƙashinsa, ta mayar da shi wajen kai. Sannan ta soke furannin takarda da ta yi da hannunta ta tsoma cikin narkakken kyandir don kada ruwa ya ɓata su. Shekara hamsin da biyu ba ta taɓa fashi ba, har ma a shekarar da aka yi mata aiki a kwankwaso.

Haka ma lokacin da Arvil ya rasu, masu ɗaukar akwatinsa suka zame a cikin taɓo, saura kaɗan su kifar da shi. Verlie ta hana kwamitin maƙabarta sakat, ta bi su gida-gida, ta tsare su a bakin shago, har sai da suka gaji suka shimfiɗa hanyar tsakuwa daga ƙofar majami'a, ta ratsa saman gangaren jarirai, ta kai har sabon sashe. Tana alfahari da wannan hanya, takan ce da bakinta ta gina ta.

Matsalar dai kuɗi ce. Majami'ar ta haura shekara ɗari da talatin, kuma ba a yin sujada a cikinta sai ranar ƙawata kaburbura da ranar jana'iza. Kwanon rufin ya yi tsatsa ya huje, gara ta cinye katakon gindi, in ka taka wajen bagadi sai ka ji daɓen yana lotsawa. Abin da ake dogaro da shi shi ne baikon da ake tarawa sau ɗaya a shekara, a zagaya da hula bayan an gama waƙoƙi. A da hular takan cika. Yanzu jikoki sun watse birane, su zo da manyan motoci da furannin roba masu arha, su zauna ƙarƙashin itatuwa su narki soyayyiyar kaza da burodin masara da kek ɗin tuffa, su ɗauki hoto, su jefa dala biyar a hula kamar sun yi wa Allah alfarma. Verlie takan tsaya ta ƙare musu kallo, kuma ba ta ɓoye abin da take gani.

Shugaban kwamitin Dwain Cutshaw ne, ɗan ƙaninta, mai shagon taya a gari. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya, amma irin mutanen nan ne da in sun koyi sabuwar kalma sai kowa ya ji ta. Shi ya samo wata gidauniya da ke taimakon tsofaffin gine-gine. Suka yarda za su biya kuɗin rufi da daɓe, bisa sharaɗi biyu: a zana taswirar kaburburan duka, kuma a kawo tsarin kula da wurin wanda bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Kowa ya san wace ce mutum ɗayan. Tsarin Dwain kuwa shi ne a baje tudun duka, a kwantar da duwatsun daidai da ƙasa, a shuka ciyawa, a ɗauki mai inji ya riƙa zuwa yana yankewa sau biyu a wata.

A cikin majami'ar aka yi taron, an jera bokitai uku a inda ruwa ke ɗiga. Dwain bai gama karanta takardarsa ba Verlie ta miƙe.

"Dwain, ubanka ma a kansa injin zai hau?"

"Goggo, ki bari in gama mana."

"Ka gama tun ɗazu. Tambayarka nake, Cletis ɗin da ya yi ta ɗaukarka a kafaɗa, shi ma wani ƙato zai hau inji ya bi ta kan cikinsa yana cin cingam?"

Dwain ya ce a duk manyan maƙabartu haka ake yi, kuma ba wanda ya tashi daga kabari ya kai ƙara. Ya ce shi ba ya son ɓata mata rai, amma a dubi gaskiya: bara mutum nawa suka fito kankara? Huɗu, kuma ƙaramin cikinsu shekararsa sittin da takwas. Ranar da ta kwanta, wa zai ɗauki fartanya? Rufin nan kuma ba zai ga sanyi biyu nan gaba ba, in ya rufta gidauniya ba ta gyara ɓaraguzai.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya yake faɗa, kuma ba abin da ya kai gaskiya ciwo in ta fito daga bakin yaron da ka wanke wa kashi. Ta ce masa tudu ba ado ba ne. Mutum ɗari a wurin nan ba su da suna a rubuce, tudun nan shi ne kaɗai shaidar inda suke kwance, in aka baje shi an sake binne su, wannan karon ba mai sanin inda suke. Dwain ya ce ai don haka za a yi taswira, akwai wata mata daga jami'a da za ta zo da na'urar da ke hango abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ta fi ƙwaƙwalwar kowa.

"Har tawa?"

"Goggo, ni ban ce ba."

"Ka ce mana. To ka kawo ta. In na'urarka ta kama ni da kuskure ko a kabari ɗaya, ka baje su duka, ni zan ara maka shebur. In kuwa ba ta kama ni ba, ka nemo wata dabarar ka ba masu kuɗinka, ka bar min matattuna."

Fasto ya yi gyaran murya zai sa baki, ta kalle shi, ya fasa. Oleta Rice, ma'ajin kwamiti, ta rubuta maganar a littafin taro kamar yadda aka faɗe ta. Baki shi ke yanka wuya, amma a ranar Verlie ta fita tana taku ɗai-ɗai kamar wadda ta ci gasar kasuwar baje koli.

Ran Talata ta makon kankara matar ta zo, sunanta Renata Oxendine, doguwa mai fara'a, da hular rana da tarin ƙananan tutoci ja. Na'urar a kan ƙafafu huɗu take, ana tura ta kamar keken jarirai, da allo a jikin mariƙin. Verlie ta dube ta ta ce, yanzu wannan abin ne zai koya mata aikinta? Renata ta yi dariya ta ce a'a, ita ta zo koyo ne, ta kuma roƙe ta ta riƙa faɗa mata sunaye tana rubutawa. Wannan ya ɗan sanyaya Verlie, ko da yake ba ta nuna ba.

Suka fara daga saman tudu, inda ƙasa take a shimfiɗe. Duk inda Verlie ta ce akwai mutum, na'ura ta ce akwai. Har wani wuri da ba tudu ba dutse, kusa da shinge, Verlie ta ce a duba, wani baƙo ne mai gyaran agogo da ya mutu a hanya tun kafin a haifi uwarta. Aka tura na'ura, sai ga shi. Renata ta riƙe baki. Verlie ta juya ta ce wa Dwain ya je ya tambayi mai injin nasa ko yana sayen taya, don ta ga alama cinikin da zai yi da shi ke nan.

Bayan an ci abincin rana suka sauko gangaren jarirai. Renata ta tura na'ura a kan tudun Harlan, ta dawo, ta sake turawa. Ta matsa sama ta bi ta kan tsakuwa, ta tsaya tana kallon allo. Sai ta yafito Dwain. Verlie tana nesa kaɗan tana cire wata saiwa, amma idonta bai tsufa ba. Ta ga sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Ta ga Dwain ya karɓi tutoci huɗu daga hannun matar, abin da bai yi ba tun safe, ya je da kansa ya soke su a kusurwoyin tudun.

"Yauwa Goggo, wannan ma daidai," in ji shi, yana kallon takalminsa.

Verlie ta ajiye fartanya ta tako a hankali. Ba ta ko dubi Dwain ba.

"'Yata, ke ce mai na'ura ko shi?"

"Ni ce, Mama."

"To ke za ki faɗa min. Me ke ƙarƙashin nan?"

Renata ta dubi Dwain, ta dubi tsohuwar, ta ga ba inda za ta ɓuya. Ta ce babu komai, ƙasa ce da ba a taɓa haƙawa ba. Ta ce akwai ɗan ƙaramin rami mai kusurwa huɗu, ƙafa huɗu daga nan ta sama, zurfinsa bai wuce ƙafa biyu ba. Ta nuna da yatsa, yatsan kuwa ya sauka a tsakiyar hanyar tsakuwa.

Ta yi bayani a hankali, da ladabi. A gangare ruwa yakan wanke tudu ya yi ƙasa da shi. Mai gyara yakan tsaya daga ƙasa ya jawo ƙasar wajensa. In kuma ana ɗaga dutse ana mayar da shi wajen kan sabon tudu, to dutsen ma yana tafiya. Faɗin ɗan yatsa a shekara, ba idon da zai gani. Ta ce tuddan duka jarirai bakwai na gangaren sun matsa, amma wannan ya fi nisa, da alama shi aka fi gyarawa.

Shi aka fi gyarawa. Verlie ta ji maganar har cikin haƙoranta. Ta tsaya tana kallon tsakuwar, tana tuna akwatuna nawa aka bi da su ta nan tun da aka shimfiɗa ta, da masu manyan takalma, da baron da ita kanta take turawa cike da ƙasa. Ta ji haushin Arvil da ya nuna mata sau ɗaya ya gudu, da ya riƙa zuwa da ya lura. Ta ji haushin ruwan sama, da kakarta da ta koya mata tsayawa daga ƙasa, da kwamitin da ya biye mata ya zuba tsakuwa. Da ta gama zagaya kowa ba ta sami inda za ta sauke ba, sai haushin ya dawo kanta ya zauna.

Dwain ya matso ya sassauta murya. Ya ce ba wanda ya ji sai su uku, Renata za ta iya zana shi a taswira yadda yake ba tare da an yi shela ba, maganar alkawari kuma a bar ta, shi zai san abin da zai gaya wa gidauniya. Yana ganin alheri yake yi mata.

"Kai Dwain, dube ni nan. Na yi maka kama da wadda ake ba wa alewa ta yi shiru? Ka soke tuta a kan ƙasa banza don in ci gaba da wanke dutse ina kuka a inda ba kowa, kai kuma kana kallona kana tausayi? Da ka baje wurin nan da katafila ya fi min sauƙi a kan abin da ka yi yanzu. Cire su."

Ya cire. Ta karɓa ta miƙa wa Renata, ta tsaya har aka soke su a cikin tsakuwa, a inda ya kamata.

Sauran kwanakin makon ta gama kankara kamar kullum. Ranar Lahadi jama'a suka cika wurin, aka yi waƙoƙi, aka zagaya da hula. Mutane suna ta tambayar juna me tutoci suke yi a tsakiyar hanya, yara suna tsallake su. Kafin a buɗe kwanukan abinci Verlie ta miƙe a gaban majami'a, da rigarta ta zuwa coci. Ta ce ta yi alkawari a gaban kwamiti, an rubuta, kuma na'ura ta kama ta. Ta faɗi kabarin da kuskuren, ba ta rage komai ba. Ta ce magana zarar bunu ce, Dwain ya baje tudunsa ya karɓo kuɗin rufi. Sannan ta ce kada wanda ya kuskura ya zo ya rungume ta, don da suna zuwa kankara ana yi da hannu da yawa, da wataƙila wani ya tsaya daga sama ya ga abin da ita ba ta gani ba. A ranar sai kazar ta yi kwantai, ba wanda ya iya ci da daɗi.

Aka sa ranar Litinin ta sama mai katafila ƙarama zai zo. Dwain ya riga shi isowa da safe, sai ya tarar da motar Verlie a bakin shinge, ya kuma ji ƙarar diga. Tana tsakiyar hanya, ta riga ta fasa gefen tsakuwar ta tara a baro, farin dutsen yana ajiye a kan ciyawa.

"Goggo, me kike yi haka? Hanyar nan fa ita ce ta kai gawa."

"Ku zagaya."

"Kin ce a gaban kowa a baje."

"Na ce, kuma ban janye ba. Ga su nan ɗari biyu da sha ɗaya, duk tudun da hannuna ya tayar ka baje shi, har da wancan na ƙarya. Wannan kuwa ba ya cikin alkawari, don ranar da na yi alkawarin ba tudu a kansa. Yau zan fara."

Dwain ya ce to ta ba shi digar ya taya ta, aikin ya fi ƙarfinta. Ta ce ya tsaya inda yake, daga wajen tutoci, nauyinsa ya yi yawa.

Ta ɗaga diga za ta sake sara a tsakanin tutocin, sai hannunta ya tsaya a sama. Ƙafa biyu, in ji matar. Ƙasar ta daskare a ranar, kuma Arvil shi kaɗai ne, iyakar abin da ya iya haƙawa ke nan. Masu shimfiɗa hanya kuma sun kankare saman kafin su zuba tsakuwa, Allah kaɗai ya san nawa ya rage tsakanin bakin diga da ɗan akwatin.

Ta jingine digar a jikin baro. Ta durƙusa daga gefe a kan kwankwason da aka yi wa aiki, ta cire safar hannu, ta fara tsince tsakuwar da yatsunta ɗaya bayan ɗaya.